Tsakanin Gabas da Alƙibla

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya ba ɗan Adam ido da kunne da hankali, zai kuma tambaye shi abin da ya yi da su. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, iyayenmu, alhazai, 'yan'uwa maza da mata, takardar wannan Juma'a ta fi ta kullum tsawo, sai a yi haƙuri da mu. Lissafin kuɗin gini da sanarwar ɗaurin aure suna shafin baya kamar yadda aka saba. Abin da ya cinye wannan shafi kuwa kowa ya san shi, don Juma'a uku ke nan ana yin sa a harabar masallaci, har ya bi mutane kasuwa.

Tun da kwamiti ya sanar cewa za a ƙara faɗin masallaci, a kuma shimfiɗa sabon kafet mai layin sahu, wasu daga cikin matasanmu suka zo suka ce a dakata, alƙiblarmu a karkace take. Muna tsaye aka ajiye waya uku a gaban mihrabi. Ɗaya ta nuna wajen tagar hagu, ɗaya ta nuna kusan inda Liman yake tsayawa, ta ukun kuwa allurarta sai rawa take kamar mazari. Wani baba daga cikin dattawa ya leƙa ya ce, "To wacce a cikinsu ta taɓa zuwa Makka?" Aka yi dariya. Da a nan aka tsaya da ba mu rubuta komai ba. Amma washegari wani yaro ya ce wai shekara arba'in Kamaru muke kallo, wani alhaji kuma ya ce in aka juya sahu ko da taku ɗaya ne ya janye alkawarin simintin da ya yi. Wanda ya fi taɓa mu shi ne wani tsoho da ya tare mu bayan sallar isha'i, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Ɗana, ke nan Marigayi Malam da ya aza harsashin nan bai san alƙibla ba? Sallolinmu fa?"

Kwamiti ya zauna da Liman har sau biyu. Abin da ke biye ya karanta, ya gyara inda ya ga gyara. In an ga kuskure namu ne.

Abin da muka fara lura da shi, duka ɓangarorin nan biyu kowa da ƙa'idar da yake riƙe da ita, kuma babu wanda ya gwada tasa. Malamai suna kiran irin wannan nazariyya, 'yan boko su ce tiyori. Ma'anarta ba ta da wuya: mutane sun daɗe suna lura da wani abu, sai suka dunƙule abin da suka gani cikin gajeriyar magana, yadda na baya ba sai ya sake wahalar da na gaba ya sha ba. Duk ɗan kasuwa da irinta yake ci. A ce yaro ya zo koyon sana'ar goro. Maigida zai ce masa kowane kwana kaza a buɗe huhu, a tsince, a sake ganye, a yayyafa ruwa. Yaro ya haddace. To amma ranar da aka kawo goron da ya sha ruwan sama a mota daga Shagamu, in yaron nan ya tsaya jiran kwanakin su cika kafin ya buɗe, sai dai ya tarar da asara. Maigida kuwa yana sa hannu a jikin huhun ya ji ɗumi, ya san yau za a buɗe. Bai karya ƙa'ida ba. Shi ya san dalilin da aka yi ta, ya san zafi da danshi da sankara ake gudu, shi ya sa ya gane ranar da ba ta aiki. Yaro da maigida magana ɗaya ce a bakinsu, amma ɗaya ne ya fahimce ta.

Mu fara da tamu ta gado, wato alƙibla gabas ce. Wannan magana ta shiga harshenmu har wanda ba ya salla mukan ce ba ya kallon gabas. Kuma ta yi wa kakanninmu aiki. Fatake da makiyaya da mahajjatan da suka taka ƙasa ta Barno da Wadai da Darfur da ita suka yi salla a daji, babu waya babu taswira. Sai dai duk alhajin da ya je Madina ya ga da idonsa kudu ake fuskanta a can, in kuma ya tambayi alhazan Indunusiya za su ce masa su a gida yamma suke kallo. Ashe gabas ɗin nan tamu ce mu da muke yammacin Makka, ba hukunci ne na duniya duka ba.

Sannan wace gabas ɗin? In aka ce mahudar rana, to rana ba ta da mahuda ɗaya. Duk mai rumfa a bakin titi ya san akwai watannin da hantsi ke shigo masa ta wannan kusurwa, akwai watannin da sai ya mayar da laima ɗaya gefen. Sau biyu kawai a shekara rana take fitowa a tsakiyar gabas sak, wajen 21 ga Maris da wajen 23 ga Satumba. A ƙarshen Yuni tana fitowa ta karkata arewa da kusan digiri 23 da rabi, a ƙarshen Disamba kuma ta karkata kudu da kamar haka. Ga wanda bai saba da digiri ba, daga gabas zuwa arewa digiri 90 ne. Makka tana arewa da mu nesa ba kusa ba: Legas tana wajen digiri 6 da rabi sama da layin da ya raba duniya biyu, Makka tana wajen 21 da rabi. Masu lissafi sun ce daga Legas alƙibla tana wajen digiri 63 in an ƙirgo daga arewa, wato ta bar tsakiyar gabas ta yi hagu da kusan digiri 27. A Kano wajen 68 take, karkatarta 22 ke nan. Ku dubi abin mamaki a nan. Maginin da ya ja igiyar harsashi yana kallon fitowar rana a watan Yuni, ya kusa dacewa da alƙibla sarai. Wanda ya yi daidai irin abin da ya yi, da niyya iri ɗaya, amma a watan Disamba, ya kauce da kusan digiri 50. Ƙa'idarsu ɗaya. Watan da aka samu kuɗin siminti ne ya raba su.

Yanzu sai mu juyo kan 'yan'uwanmu matasa, kuma mai wannan rubutu yana cikinsu, shi ma wayarsa da manhajar alƙibla a ciki. Mun tambayi waɗanda suka zo da wayoyin me ya sa uku suka ba da amsa uku. Babu wanda ya iya faɗa. Ɗaya ya ce wayar wane ce ƙarama. Ba nan take ba. Aiki biyu waya take yi. Na farko, ta gano inda kake a doron ƙasa ta hanyar taurarin ɗan Adam, ta lissafa kusurwar da ke tsakaninka da Ka'aba. Wannan lissafi mai ƙarfi ne, da wuya ya yi kuskure. Na biyu, sai ta nemo ina ne arewa, don daga nan za ta fara ƙirga. Wannan kuwa da ɗan ƙaramin kamfas take yi, kuma kamfas maganaɗisu yake bi. To ku dubi inda aka ajiye wayoyin: ƙarƙashinsu rodi a cikin daɓe, sama fanka da ƙarafan rufi, gefe ga lasifika wadda maganaɗisu ne babba a cikinta, bayan bango ga janareta. Wayar ta san alƙibla digiri 63 ce daga arewa, amma arewar ce ta ɓace mata. Wanda ya fahimci wannan zai fita fili ya nisanci ƙarfe kafin ya auna. Wanda bai fahimta ba zai tsaya gaban mahaifinsa yana nuna masa allura yana cewa kimiyya ce ta faɗa.

A cikin Suratul Jumu'a, wadda sau da yawa Liman yake karanta mana a wannan rana, Allah ya buga misali da jakin da aka ɗora wa littattafai. Mukan ji ayar mu tuna da wasu. Ya kamata wani lokaci mu tuna da aljihunmu. Ilimin da ke cikin wayar nan ya fi kayan jaki dubu, kuma mai ita yana iya yawo da shi shekara goma bai san ta ina yake aiki ba, bai san ta ina yake ɓaci ba. Ba zagi muke yi ba, da mu a ciki.

Ita kanta taswirar da aka koya mana a makaranta nazariyya ce mai iyaka. Duniya a dunƙule take, takarda kuwa a shimfiɗe. Daga nan zuwa Makka, tafiyar da ta ɗan haura kilomita 4,000, in ka ja layi a kan taswira ba za ka kauce sosai ba. Amma 'yan'uwanmu da ke birnin Niyok na Amurka, in suka bi taswirar bango sai su fuskanci kudu maso gabas, tunda Makka ta fi su kusa da tsakiyar duniya. Alhali alƙiblarsu arewa maso gabas take, wajen digiri 58. Wanda yake shakka ya ɗauki lemo ko kankana, ya ɗiga alama biyu masu nisa a ɓangaren sama, ya ja zare tsakaninsu ya ɗame shi, zai ga zaren ya hau ta wajen hancin lemon maimakon ya bi ta ciki. Taswirar ba ƙarya ta yi ba, an kai ta inda ba ta iyawa ne.

Kuma kada wani ya ɗauka wannan lissafi na Nasara ne. Salla ce ta sa Musulmi suka zurfafa a cikinsa. Abu Raihan Albiruni, wanda aka haifa a shekarar 973 a yankin da yau yake cikin Uzbekistan, ya rubuta littafi guda a 1025 kan yadda ake gano matsayin garuruwa da nisan da ke tsakaninsu, kuma cikin manyan dalilansa har da fitar da alƙiblar birnin Gazna da ke Afganistan. Manyan masallatai na Sham da Masar suna da ma'aikaci na musamman wanda aikinsa ke nan, lissafin lokutan salla. Ɗaya daga cikinsu shi ne Ibnu Shaɗir na Masallacin Banu Umayya a Dimashƙa, wanda ya rasu wajen 1375. Da a yau ne da a kwamitin masallaci za a same shi, kusa da ladan.

Akwai maganar da wani daga cikin iyayenmu ya yi a zaman kwamiti, kuma tana da nauyi, bai kamata a wuce ta ba. Ya ce: "Su masu kimiyyar nan yau su ce kaza, gobe su ce sun gano ba haka ba ne. Yaya za mu juya masallaci saboda maganar da gobe za a canja?" Gaskiya ne suna canjawa. Ga misali da ya shafi cikin da yawa daga cikinmu, musamman da azumi. Shekara da shekaru likitocin duniya sun tafi a kan cewa damuwa da yaji da yawan tsamin ciki su ne ke kawo olsa. Sai wasu likitoci biyu a Ostireliya, Robin Waren da Bari Mashal, suka ce akwai wata ƙwayar cuta da ke zama a cikin tumbi, ita ce ke jawo mafi yawan gyambon. Aka ƙi yarda, don nazariyyar lokacin ta ce babu ƙwayar da za ta rayu a cikin wannan tsami. A 1984 Mashal ya ɗebi ƙwayar ya shanye da kansa, cikinsa ya kamu, aka duba aka gan ta. A 2005 aka ba su babbar lambar yabo ta Nobel. Yau ana gwada mutum a asibiti, in an same ta a ba shi maganin kashe ta. (Wanda ya daɗe yana fama ya je a gwada shi, ya daina sayen na tebur yana ɗorawa a kan jiƙo.) To amma a lura da abin da ya kayar da tsohuwar maganar. Gwaji ne. Ba don wani ya fi wani murya ba, ba don wani ya fi wani shekaru ba.

Kuma canjin ma iri-iri ne. Wani masani mai suna Baɗlamus, da ya zauna a Iskandariyya ta Masar a ƙarni na 2 bayan Annabi Isa, ya tsara lissafin tafiyar rana da wata da taurari a kan cewa ƙasa ce a tsakiya, komai ita yake kewayawa. An yi fiye da shekara dubu ana aiki da shi, ana fitar da kalanda, ana faɗin lokacin husufi, yana kuma yin kusa da daidai. Duk da haka Ibnul Haisam, mutumin Basra da ya zauna a Alƙahira, ya rubuta littafi yana jero wuraren da yake shakkar maganar Baɗlamus, shi ma Ibnu Shaɗir ya sake tsarin. Daga baya Turawa suka tabbatar ƙasa ce ke kewaya rana. Niyuton na Ingila ya fitar da ƙa'idojinsa a 1687, Ainstain ya zo a 1915 ya nuna inda suka gaza, har ta kai taurarin ɗan Adam ɗin da wayarka ke dogara da su sai an gyara agogunansu bisa lissafinsa, in ba haka ba kuskure ya taru ya kai kilomitoci. Hoton da ke kan masana ya canja sau da yawa. Amma inuwar azahar ba ta matsa ba, Makka ba ta tashi daga inda take ba, kusurwar da ke tsakaninmu da ita tana nan. Bayanin dalili shi ne ke sauyawa, abin da aka auna aka sake aunawa yana nan daram.

Da yawa cikinmu mun tuna safiyar Laraba, 29 ga Maris 2006. Tun ana saura kwanaki rediyo take faɗin cewa rana za ta yi husufi, da sa'ar da za ta yi, da garuruwan da za ta rufe ɗungum, irin su Shaki a Jihar Oyo da Gusau da Katsina. Wasu suka ce duba ne, shiga gaibu ne. Lokaci ya yi, gari ya yi duhu, kaji suka nufi akurki, aka yi sallar husufi. Imamul Gazali, wanda ya rasu a 1111, tun a zamaninsa ya yi gargaɗi kan wannan. Ya nuna cewa mai ƙaryata lissafin husufi da sunan kare addini cutar da addinin yake yi, domin wanda ya san lissafin ya kuma ga ya tabbata, ba zai yi shakkar lissafinsa ba, addinin zai fara yi wa kallon shakka. Wannan ita ce fargabarmu game da yaranmu da ke jami'o'i da makarantun koyon sana'a a garin nan. In muka ce musu abin da suke iya aunawa da hannunsu ƙarya ne, ranar da za mu gaya musu abin da ba a aunawa, kamar tsayuwa gaban Allah, da wane kunne za su saurare mu?

Ɗaya gefen ma akwai rami. Kullum ana turo mana saƙonni a WhatsApp, wai kimiyya ta tabbatar da aya kaza, wai masana sun gano kaza sun musulunta. Har yau ana yawo da labarin cewa Nil Amstiron, wanda ya taka wata a 1969, ya ji kiran salla a can ya musulunta, alhali mutumin da kansa ya musanta tun yana raye. Wanda ya ɗaure imaninsa a jikin irin wannan, ranar da aka kwance labarin imanin zai bi shi. Alƙur'ani bai jira wani ɗakin gwaji ya sa masa hannu ba. Kuma ƙarya ba ta zama halal don an yi ta domin Musulunci. In ba ka tabbatar ba, kada ka tura.

Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya raba mana wannan gardama tun a Madina. Imamu Muslim ya ruwaito cewa ya wuce wasu manoma suna ɗaukar furen namijin dabino suna sa wa macen, sai ya nuna ba ya zaton hakan yana da wani amfani. Suka bari. Dabinon shekarar ya fito ba kyau. Da aka gaya masa, sai ya bayyana musu cewa zato ne ya yi, ba wahayi ba, kuma su suka fi sanin sha'anin duniyarsu. Fiyayyen halitta ke nan, bai ji nauyin barin zatonsa ba da sakamakon gona ya fito. Fuskantar Ka'aba umarni ne daga sama, babu mai taɓa shi. Amma ta wace kusurwa Ka'aba take daga wannan fili namu, wannan sha'anin awo ne, kamar tsawon yadi da nauyin buhu.

Sai tambayar babanmu na bayan isha'i, wadda ita ce ta hana mu barci. Baba, sallolinku suna nan, in Allah ya yarda. Ga abin da Liman ya ce mu rubuta. A wajen malamanmu na Malikiyya, wanda yake nesa da Makka jiha aka wajabta masa ya fuskanta, wato sashen da Ka'aba take, ba ainihin gininta ba. Da ainihin ginin ne, da dogon sahun da ya fi Ka'aba faɗi sallar na gefe ta ɓaci, kuma babu malamin da ya faɗi haka. Wanda ya yi iya ƙoƙarinsa sannan ya gano kuskure bayan ya sallame, in karkatar kaɗan ce babu komai a kansa. In mai yawa ce, an so ya sake muddin lokacin sallar bai fita ba. Wadda lokacinta ya wuce babu ramuwa. Tsofaffin masallatai da dama a Masar da Maroko da Andalus, in aka auna su da lissafin yau ba su zauna daidai ba, kuma manyan malamai sun yi salla a cikinsu ɗaruruwan shekaru.

Sahabbai ma sun yi irin wannan tambaya, kuma tasu ta fi tamu girma. Wata 16 ko 17 aka yi bayan hijira ana fuskantar Baitul Maƙdis, sannan aka juyar da alƙibla zuwa Ka'aba, daga arewa zuwa kudu, juyi na gaba ɗaya. Mutane suka damu da 'yan'uwansu da suka rasu kafin juyin. Amsar tana cikin Suratul Baƙara, aya ta 143, inda Allah ya tabbatar musu ba zai tozarta abin da suka gabatar ba. Ku kuma dubi mutanen Ƙuba. Suna cikin sallar asuba wani ya zo ya ba su labari, suka juya a cikin sallar, ba su tsaya sun ce shekara nawa muka yi a haka ba, ba su kuma koma sun rama na baya ba. Marigayi Malam, Allah ya jiƙansa ya haskaka kabarinsa, ya zo garin nan lokacin da wurin nan fadama ce, ya yi awo da abin da yake da shi. Waɗanda suka zauna da shi sun ce mutum ne mai karɓar gyara ko daga almajirinsa. In ya dace, lada biyu. In ya ɗan kauce, ladan ƙoƙarinsa yana nan, da na duk goshin da ya taɓa ƙasa a nan. Yaron da ya yi maganar Kamaru ya je har gida ya ba da haƙuri, an kuma yafe masa. Muna roƙon a bar maganar a nan.

To yanzu me za a yi? Allah cikin ikonsa ya ajiye mana hanyar da ba ta buƙatar waya, ba ta kuma buƙatar kowa ya yarda da maganar wani. Sau biyu a shekara rana takan tsaya daidai saman Ka'aba da tsakar ranar Makka, har ginin ya zama kusan ba shi da inuwa. Na farko 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 12:18 agogon Makka, na biyu 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 12:27. Suna gabanmu da awa biyu, saboda haka a nan ƙarfe 10:18 ne da 10:27 na safe. A wannan minti, duk wanda rana take sama a garinsu, in ya fuskanci sashen da take to Ka'aba ya fuskanta. Kamar a ce an kafa wata doguwar hasumiya a kan Ɗakin Allah an kunna fitila a ƙolinta, kowa yana hango ta daga inda yake. Lissafi ne ya ba mu ranar da mintin, amma ido ne zai ga layin. Alhazanmu da suka taɓa kasancewa a Harami a irin wannan rana suna iya ba da shaidar yadda inuwa take ɓuya ƙarƙashin ƙafa.

Kwamiti ya tsayar da ranar 28 ga Mayu. Za a rataye zare mai kauri da aka ɗaure wa ƙarfe a ƙasa, irin wanda magina ke duba miƙewar bango da shi, a filin alwala inda daɓen yake a daidaice. Ba za mu kafa sanda ba, don sanda tana iya karkata ba a lura ba. Da minti ya cika za a bi inuwar zaren a ja layi da alli, daga baya a bi da fenti. Daga ƙarshen inuwar zuwa gindin zaren, nan ne alƙibla. Sai a ɗauki layin da igiya a shigar da shi cikin masallaci a gwada da mihrabi. Kada kowa ya ɗaga kai ya kalli ƙwayar rana, tana lahani ga ido, a kula da yara musamman. Iyayenmu mata su ma suna iya yin haka a tsakar gida ko a bakin taga, su samu layin da za su riƙa shimfiɗa darduma a kai. Haka masu salla a rumfunan kasuwa.

Abin da muke nema kafin ranar shi ne alkawari daga kowane ɓangare, tun ba a san abin da inuwar za ta nuna ba. Mu kanmu ba mu auna ba, da gangan. In layin ya zo daidai da mihrabi ko kusa da shi, matasa su mayar da wayoyinsu aljihu, a shimfiɗa kafet yadda yake. In ya nuna karkata, Liman ne zai faɗi abin da za a yi, kuma ya riga ya ce ba za a rushe bango ko ɗaya ba, layin sahu kawai za a gyara, sabon ɓangaren da za a gina kuma a aza shi daidai. Mun gaya wa mai kafet ya dakata da yanka.

Mun san Mayu damina ce a Legas. In hadari ya rufe ranar, za a sake gwadawa washegari a daidai wannan lokaci, bambancin kwana ɗaya ko biyu ba ya da yawa. In aka sake rasawa sai 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27. Muna roƙon Alhajin siminti ya riƙe bakin igiyar ta ɗaya gefen, ɗaya daga cikin masu wayoyin ya riƙe ɗaya bakin, Liman ya ja allin. Ladan zai saita agogon masallaci da na rediyo tun da asuba. A hallara ƙarfe 10 daidai, masu rumfa su bar yaro a kan kaya, abin ba zai wuce rabin awa ba.